Na ci jarrabawar Turanci, amma a wurin aiki an ce ban iya magana ba

Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce. Na yi shekaru ina aiki a wani asibitin gwamnati a gida kafin Allah ya kawo ni Ingila. Yanzu ina wani asibiti a arewacin ƙasar, ɓangaren tsofaffi, kuma ban fita daga watannin gwaji ba. Na ci OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, na ci OSCE, jarrabawar gwada aikin jinya a aikace, don haka ban taɓa kawo wa raina Turanci zai ba ni matsala ba.

Wani dare na ga lokacin juya wani dattijo ya wuce, sai na ce wa mataimakiyar jinyar da muke tare, "Please, you should turn him now, you are supposed to do it every two hours." Ta juya shi ba ta ce uffan ba, amma tun daga ranar ta ɗaure mini fuska. Ashe ƙarata ta kai. Shugabar sashenmu ta kira ni tana murmushi ta ce, "You might want to think about how you come across." Na ɗauka hira ce, na ce mata "Okay, no problem." Sai ranar bitar aikina na ga ta rubuta cewa an ja hankalina kan yadda nake yi wa abokan aiki magana, kuma ba a ga canji ba.

Wallahi Anti ban taso da rashin kunya ba, ko sunan yayata ba na iya kira. Maigidana ya ce wariya ce kawai, in yi aikina in kama bakina. Na kama. Amma kwanan nan wani ƙaramin likita zai sallami wata tsohuwa da nake ganin ba ta warware ba, na kasa buɗe baki, sai da wata nas ta yi magana. Na kwana ina jin haushin kaina. Yaya zan ba da shawara da Turanci ba tare da an ce na yi tsiwa ba? Ko maganar maigidana ce gaskiya?

'Yar'uwarki a Ingila

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yi wa aikinki albarka. Na san abin da ya fi yi miki ciwo: macen da aka rena a kan kunya da kara, rana tsaka a rubuta a takarda cewa ba ta iya magana da mutane ba. Ga shi kina nesa da gida, ga bizar zamanki a ɗaure da wannan aikin, dole kowace kalma ta shugabarki ta hana ki barci. Ki kwantar da hankalinki. Cikin duk abin da kika faɗa ban ga mara tarbiyya ba, kuma abin da ya rage miki koyonsa ba shi da wuya.

Mu fara da daren nan. A kan aikin kina da gaskiya. Tsoho da ba ya iya motsa jikinsa, in aka bar shi a gefe ɗaya, gyambon kwanciya ke biyo baya, kuma ƙa'idar hukumar NMC da ta yi miki rajista ta ce duk aikin da nas ta ɗora wa wani, alhakin wannan ɗorawar yana wuyanta, sai ta tabbatar an yi shi daidai. Da kin yi shiru fatarsa ta ɓaci, ke za a fara tambaya. Kar wannan rigima ta sa ki fara shakkar idonki.

Inda aka sami saɓani shi ne wurin da kowannenku yake neman ladabi. Mu a wurinmu ladabi yana zuwa ne tun kafin a fara magana. Kin gaida mutum, kin tambayi gajiya da iyali, kin kira shi Yaya ko Anti ko Baba, kin ɗan rusuna, babba kuma kin ce masa "ku". Bayan duk wannan, in kika ce "a kawo kaza" ko "juya shi", babu mai jin zafi, domin an riga an ba kowa girmansa. A asibitocinmu ma ga "Ma" ga "Sir", kowa ya san matsayinsa. A can kuwa kowa sunansa na yanka ake kira, daga mai shara har manaja, gaisuwar kuma kafin ki ɗaga kai an gama ta. Tunda babu waɗancan abubuwan, sai suka tattara ladabin nasu kaf suka zuba shi a cikin ginin jimla. Wanda bai sa shi a nan ba, a kunnensu bai sa shi ko'ina ba, ko da zuciyarsa fes take.

Yanzu ki tsaya a inda matar nan take ki saurari jimlarki. Wataƙila ta yi shekara da shekaru a wannan sashe, albashinta bai kai naki ba, ƙafafunta sun gaji, sai ga sabuwar zuwa ta ce mata "you should". A makaranta an koya mana cewa da "should" ake ba da shawara, kuma a nahawu haka ne. A bakin abokin aiki kuwa, idan aka haɗa ta da "you", tana fita ne kamar hukunci. Rabin jimlar na biyu ya fi muni. A Turancin gida "you are supposed to" tuni ne kawai, amma a can abin da ake ji shi ne, kin san aikinki kika ƙi yi. Shi kuma "please" da kika sa a gaba bai ceci komai ba. In ya hau kan umarni, umarnin yana nan, wani lokacin ma ya ƙara masa kamannin ƙosawa. Ba na cewa ta kyauta da ta wuce ki ta kai ƙara. Da ta same ki ta faɗa miki, da an kashe maganar a minti biyu. Amma jin zafin nata ba ƙirƙira ba ne.

Abin da zai sauƙaƙa miki shi ne kin riga kin iya wannan salon, da Hausa. Ki tuna yadda kike yi wa surukarki magana in kina son a canza wani abu. Ba kya cewa "ki rage gishiri". Cewa kike "Ko za a ɗan rage gishirin, Mama?" ko "Me zai hana a bari sai gobe?" ko "Da za a kira shi a ji, da ya fi." Kin mayar da maganar tambaya, kin ɗauke yatsa daga kanta, kin bar mata ƙofar cewa a'a. Abin da Turawan suke yi wa juna ke nan duk yini, sai dai su ba suruka kaɗai suke yi wa ba, har wanda ke ƙasa da su a aiki.

To mu sake daren. Kina iya cewa, "Shall we turn him now? I think he's due." Kalmar "we" ta sa ku biyun a ɓangare ɗaya, "I think" kuma ta bar mata damar cewa ai ta juya shi ɗazu ta manta ba ta rubuta ba, abin da kan faru. In kina son ta kama miki, "Could you give me a hand turning him?" In hannunki a cike yake dole ita za ta yi, "Would you be able to turn him for me? I'm stuck with the meds." Ki lura kowacce tana ɗauke da ɗan dalili a wutsiyarta. Dalilin nan yana da amfani ƙwarai, domin shi ke nuna cewa mara lafiya ne ya jawo maganar, ba son nuna iko ba. Akwai dai tarko ɗaya. Za ki ji suna yawan cewa "when you get a minute", ke ma ki ɗauka. Jimla ce mai daɗi, amma wanda kika faɗa wa yana da hujjar yin abin bayan awa guda. In yanzu kike so, ki tausasa farkon ki fayyace lokacin: "Could we do it in the next ten minutes? His heel's looking a bit red."

Da likita kuwa, ko wanda ke sama da ke, akan ƙara ja da baya kaɗan. Wani abu da Turanci ke yi wanda littattafan makaranta ba su cika bayyanawa ba shi ne, yana amfani da siffar abin da ya wuce don tausasa abin da ake so yanzu. Shi ya sa "could" ta fi "can" laushi, "I was wondering" kuma ta fi "I want". Ga tsohuwar da aka so sallama, da kin ce, "I was wondering if we could keep her another night. She's hardly eating and she was unsteady this morning." Ko kuma, "Would it be worth checking her bloods again before she goes?" In abu ne da ke za ki yi kina neman amincewarsa, akwai wadda za ki ji a kowane lungun asibitin Ingila: "Are you happy for me to call the family first?" Ƙaramin likita, wanda shi ma sau da yawa a tsorace yake kuma sabo ne a sashen, ya fi kowa son nas da za ta miƙo masa abin da ta gani ta hanyar da ba za ta kunyata shi ba.

Akwai 'yan ramuka da nake so ki sani. "Why don't you sit down?" shawara ce, amma "Why didn't you sit down?" tuhuma ce, kuma a bakin mai sauri sun kusa zama ɗaya, don haka a kan aikin da aka makara ki guje su duka biyun. "You had better" tana ɗauke da ƙanshin barazana. "I suggest you" tana kama da ladabi a takarda, amma a baki takan fita da sanyi, irin na wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa, in za ki yi amfani da kalmar, ki ce "Can I suggest something?" ki jira a ce miki bismillah. "You people", wadda muke faɗa a gida ba da wata manufa ba, ki bar ta a filin jirgi, domin a can kan jawo faɗa. Sannan kar ki wuce gona da iri. Na ga masu jera "sorry" uku da "maybe" biyu a jimla ɗaya har a rasa me suke so. Tausasawa ɗaya ko biyu sun isa, sauran jimlar ta fito sarai.

Duk wannan rabin aikin ne, domin kunne ma sai ya koya. Abin da ya jefa ki cikin takardar bita ba maganarki da mataimakiyar ba ce kaɗai, har da rashin gane maganar shugabarki. Idan na sama da ke ya ce "you might want to", umarni ne aka naɗe a cikin shawara. Haka "perhaps you could" da "it might be an idea to". Murmushin ma kar ya ruɗe ki. Ita a ganinta ta yi miki gargaɗi, ke kuma kika amsa da "no problem", wanda ta ji kamar kin kaɗe rigarki kin wuce. Daga yau, duk lokacin da aka yi miki irin wannan lulluɓaɓɓiyar magana, ki buɗe ta a nan take: "Thanks for telling me. Could you give me an example, so I know what to change?" A kan aiki kuma, "Just to check, do you need that today?" Babu mai ganin laifin wannan tambayar.

Sai murya. A shekarun 1970 wani masanin harshe mai suna John Gumperz ya bincika wata rigima a ɗakin cin abincin ma'aikata na wani babban filin jirgin sama a Birtaniya. An ɗauki mata 'yan Indiya da Pakistan aikin zuba abinci, sai ma'aikata suka riƙa kuka da su cewa ba su da fara'a. Da aka naɗi muryoyi aka saurara, sai aka ga kalma ɗaya ce tak. Turawa masu zuba abinci in za su tambayi mutum ko yana son romo, sukan ce "Gravy?" muryar ta hau sama. Matan nan kuma sukan faɗi kalmar muryar ta sauka, sai ta fita kamar "ga shi nan, in ka ga dama". Su a ransu tayi suke yi. Ki gwada wannan a kanki: ki ɗauki waya ki naɗi muryarki kina faɗin "Shall we turn him now?" yadda kika saba, ki saurara. In ƙarshen yana faɗowa ƙasa da ƙarfi, ki ɗaga shi kaɗan, ki rage sauri, ki fara da sunan wadda kike yi wa magana. Ki haɗa da kallon ido da sakin fuska; mu aka ce wa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a can sunkuyar da kai da muke yi don girmamawa wasu kan ɗauke shi rashin kulawa. Ba na ce ki canza lafazinki ki koma magana ta hanci ba. Lafazinki naki ne.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarki, wato shirun da kika koma yi. A watan Maris na 2005 an shiga da wata mata mai shekara 37, Elaine Bromiley, tiyatar hanci ta yau da kullum a Ingila. Bayan an sa mata maganin barci aka kasa shigar da bututun numfashi. Ƙwararrun likitoci suka duƙufa suna ta sake gwadawa, iskar jininta tana ƙasa. Wata nas ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta sanar cewa ga su, wata ta nemo gado a sashen kulawa ta musamman, ba a bi ta kansu ba. Bayan kwana 13 matar ta rasu. A binciken da aka yi, wasu daga cikin nas-nas ɗin sun ce sun san abin da ya kamata a yi, yadda za su faɗa ne ba su sani ba. Mijinta Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne, shi ya kafa ƙungiyar Clinical Human Factors Group a 2007, kuma har yau ana koyar da ma'aikatan lafiya da wannan labari.

Saboda haka tausasawa tana da iyaka, kuma su kansu Turawan sun san da haka. Ki riƙe ta hawa-hawa. In kin fara da "I was wondering" ba a ji ba, kuma lafiyar mutum ce a tsakiya, sai ki hau: "I'm concerned about her." In an share, "I'm not comfortable with this." In har yanzu, "This is a safety issue. I need a senior review." Ana koyar da wannan jeri a asibitoci da yawa, kuma babu wanda zai rubuta ki a kansa ya ci nasara. In kuwa kin ga za a ɗura wa mutum penisilin alhali jikinsa ba ya karɓa, babu hawa-hawa: "Stop. He's allergic." Ki tuna SBAR, tsarin nan mai matakai huɗu da ake miƙa bayanin mara lafiya da shi, harafin ƙarshe, R, yana nufin "recommendation", wato shawararki. Tsarin da kansa yana jiran ki faɗi abin da kike ganin a yi.

Maigidanki kuma ba zan ce bai san abin da yake faɗa ba. Wariya tana nan a wuraren aiki a Birtaniya, kuma sananne ne cewa baƙar mace ta fi saurin samun tambarin "mai faɗa" a kan maganar da wata za ta yi a wuce. Yana kare ki ne da abin da ya sani. Sai dai maganin da ya ba ki zai cutar da ke ko da zarginsa gaskiya ne, domin nas da ba ta magana ita ma rubuta ta ake yi. Hanyar ganewa ita ce ki gyara abin da ke hannunki, sannan ki zuba ido. In kin canza salo fuskoki suka saki, to harshe ne. In kuwa kina faɗin jimlar da kowa ke faɗa amma ke kaɗai ake kai ƙara, ko kullum ke ake jibga wa aiki mafi nauyi, ki fara rubutawa a littafinki na gida: rana, abin da aka ce, wa ke wurin, ban da sunan mara lafiya. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda launi ko ƙasar asali. In ba ki shiga ƙungiyar ma'aikata ba, RCN ko Unison, ki shiga tun yanzu, domin galibi ba sa tsaya wa mutum a kan matsalar da ta riga shigarsa. Asibitocin NHS na Ingila kuma suna da jami'in da ake kira Freedom to Speak Up Guardian, wanda za ki iya kai wa damuwa ba ta hannun shugabarki ba. Ki faɗa wa maigidan duk wannan, zai fi samun natsuwa in ya ga ba a tsirara kike ba. In yana da haƙuri ma ki sa shi ya zama likita bayan cin abincin dare, ki yi ta gwada jimlolin a kansa har su daina yi miki nauyi a baki. Ko banza za ku yi dariya.

Shugabarki tana da nata kason. Ta san daga wata ƙasa kika zo, ta san jarrabawar OET da mara lafiya ko danginsa ake gwada magana, ba da abokin aiki da ƙarfe uku na dare ba. Ya kamata ta faɗa miki a fili, da misali. Amma kar ki je mata da wannan. Ki nemi minti goma: "Could we have a quick chat about my review?" In kun zauna ki ce mata ba ki gane maganarta ta farko gargaɗi ce ba, yanzu kin gane, ga abin da kika fara canzawa. Ki roƙi ta haɗa ki da wata tsohuwar nas da za ki riƙa tambaya, in da hali wadda ita ma daga waje ta zo ta daɗe. Ki tambaye ta me take so ta gani kafin bita ta gaba. Bayan kun tashi ki tura mata gajeren imel na godiya da abin da kuka tsayar, don ya zama a rubuce kamar yadda kukan ya zama a rubuce.

Ita kuwa mataimakiyar, ki same ta ita kaɗai, lokacin shan shayi ya fi, ba a gaban mutane ba. Ba sai kin ce kin yi laifi a kan juya dattijon ba, tunda ba ki yi ba. Ki ce, "I think I came across a bit sharp the other night. I didn't mean to." Daga baya, wata rana, ki tambaye ta wani abu da ta fi ki sani, kamar yadda ake lallaɓa wani tsoho mai ƙin wanka, wanda ya daɗe a wuri yana son a san ya daɗe. In ta sake, alhamdulillahi. In ta ci gaba da ɗaure fuska, ki gaishe ta kullum, ki ba ta aiki da sabon salon, ki bar ta da halinta. Ki rubuto mini bayan bitar taki ta gaba in ji yadda kuka ƙare, kuma ki gaida maigidan.